Magudanar Jumberi

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Teluk Haur ya san magudanar Jumberi. Daga bakin kogi ta faro, ta miƙe ɗoɗar cikin daji, tafiyar sa'a guda a kwalekwale, faɗinta bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. Jumberi da marigayi yayansa ne suka haƙa ta tun suna samari, lokacin da kasuwar katako ke ci, don su riƙa turo gumagumai a kan ruwa zuwa kogi. Shekara biyu suka yi suna haƙa. Da manyan itatuwa suka ƙare, yayan kuma ya rasu, sai Jumberi ya share gefen magudanar ya dasa roba. Da robar nan ya ciyar da gidansa shekara talatin, da ita ya aurar da 'yarsu ɗaya tilo, Raudah, wadda take zaune a birnin Banjarmasin da mijinta. Idan baƙo ya zo ƙauyen, kafin ya shanye kofinsa Jumberi ya riga ya ba shi labarin haƙar.

Matarsa Sapnah ba ta cika sa baki a wannan labarin ba. Ita sana'arta saƙar tabarma da purun, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa a bayan gari. Takan yanko ta, ta shanya, ta daka har ta yi laushi, sannan ta zauna a baranda tana saƙa tana tauna goron pinang. Mace ce gajera mai kaifin baki, kuma ita ta fara lura ƙasa tana sauka.

"Baban Raudah," ta ce da shi wata safiya da suka je gonar roba tare, "dubi itatuwanka. Sun tattare zane kamar mata za su tsallake rafi."

Ya duba. Saiwoyin sun fito fili, wasu har ƙasa da gwiwa kaɗan, sai ka ce an ɗaga bishiyoyin sama.

"Girma suke yi," in ji shi.

"Girma? Kai ma da ka tsufa ƙafarka ce ta ƙara tsawo? Ƙasa ce ke zamewa daga ƙarƙashinsu."

Ta durƙusa ta ɗebo ƙasar a tafin hannu. Ƙasar wurin gambut ce, ganye da saiwa da gungume da suka ruɓe rabi da rabi, suka taru bisa juna tun kafin kakanni. A da in ka matse ta, ruwa ja kamar shayi ke zubowa ta tsakanin yatsu. Sapnah ta matse, ta sake matsewa. Babu ko ɗigo. Da ta buɗe hannu, iska ta kwashe rabi.

"Rani ne," ya ce, ya ci gaba da tsaga jikin bishiya.

Bayan kwana uku ƙanin Sapnah, Darkuni, ya zo gidan. Darkuni masunci ne, shi ne kuma shugaban masu kashe gobara na ƙauyen, mutum goma sha biyu da injin ban ruwa ɗaya. Tun damina wasu ma'aikatan gona suka kakkafa bututu a cikin ƙasa a wurare daban-daban, suka koya masa zura sanda ya ga inda ruwa ya tsaya. Tun daga lokacin bai rabuwa da sandar nan. Jumberi kan kira shi likitan ƙasa.

"A'a, likita ne da kansa? Yau wa za a yi wa allura?"

"Kai, Yaya Jumberi, in ka tsaya." Darkuni ya zauna a bakin baranda, yayarsa ta miƙo masa kofi da dafaffen rogo. Ya ajiye sandar a gabansu, ya nuna wani zane da ya yi da wuƙa. "Nan ruwa yake a watan da ya wuce, a bututun da ke bayan masallaci. Nan yake yau, ya sauka taƙi ɗaya. Amma na gefen magudanarka, na zura sandar gaba ɗayanta, ƙarshenta kawai ya jiƙe."

"To sai ka samo doguwar sanda."

Darkuni bai yi dariya ba. "Ruwan da ke cikin ƙasar nan ba zaune yake ba, Yaya. Tafiya yake a hankali, yana neman inda ya fi gangare. Magudanarka ta fi ko'ina gangare. Dama da hagu duk ita yake tsiyayowa, ita kuma ta miƙa wa kogi. Fiye da shekara talatin tana tatsar dajin nan dare da rana. An ba mu itacen galam da buhuna, za mu datse magudanu huɗu. Masu ukun sun yarda. Saura kai."

"Ku datse? In bi ta ina in je gonata? In yi fiffike?"

"Za mu bar ɗan wuri a tsakiya, ka ja kwalekwale ta kai."

"Ni da wannan bayan nawa zan riƙa jan jirgi da lodin ƙaron roba? Sannan ruwa ya taso ya kwanta a gindin roba ta mutu. Wannan fa, sandarka ta gaya maka?"

Gaskiya ne, roba ba ta son ruwa a gindinta, Darkuni ma ya sani.

Sapnah ba ta ɗago daga saƙarta ba ta ce, "Ka bar su su datse, Baban Raudah. Da can a bayan gida nake yankan purun. Yanzu sai na yi tafiyar da ƙafata ke kumbura. In robar ta mutu ma dasa wani abu."

"Wato ke da ƙaninki kun gama shawara."

"Ba mu gama komai ba. Ido gare ni."

"Ni da ɗan'uwana muka haƙa ta," Jumberi ya ce, muryarsa ta hau. "Yana kabari. Ba mai kafa ko tsinke a cikinta ina raye."

Darkuni ya ɗauki sandarsa, ya bar rogon ko taɓawa bai yi ba.

A shekarar nan ruwan sama ya ɗauke da wuri, ya kuma ƙi dawowa. Wata huɗu, wata biyar. Kogi ya ja baya har matakalar wanka ta tsaya a kan busasshiyar laka. Kududdufan da kifi ke taruwa da rani suka ƙafe, yara da manya suka tsince kifin da hannu, daga baya ko wari babu. Birai suka fara fitowa daga daji suna shiga gonakin ayaba da rana tsaka, ba sa ko gudun mutane. Daga nan sai hayaƙi ya iso. Ba wanda ya san inda wutar ta tashi. Wasu suka ce daga yamma, wasu suka ce guntun taba ne. Rana ta koma kamar jan kwano a sama, kana iya kallonta ido da ido. Aka rufe makaranta. Ladan yana kiran salla yana tari.

Wutar gambut ba ta da harshe. A ƙarƙashi take tafiya, tana cin ƙasar kanta, ta bar saman kamar ba abin da ya faru. Sai dai ka ga ɗan hayaƙi yana fitowa ta gindin ciyawa, ko bishiya mai ɗanyen ganye ta kwanta haka kawai, don an cinye abin da take tsaye a kai. Darkuni da mutanensa suka yi sati biyu suna fama. Su zuba ruwa nan, ta ɓullo can. Da wutar ta doso gefen magudana, suka haƙa rijiya don su sa tiyo, suka yi zurfin gaba guda da rabi ba su ga ruwa ba. Darkuni ya fito daga ramin, baƙi ƙirin, ya dubi Jumberi da ke tsaye da bokiti. Ya juya ya naɗe tiyon.

Ranar Talata da safe Jumberi ya ce zai je ya share ciyawa a kewayen gona, ko Allah zai sa wutar ta tsaya a nan. Sapnah ta ɗaura tsumma a hanci ta ɗauki addarta.

"Ina za ki da wannan tarin?"

"In bar ka kai kaɗai? Ka faɗi a can, wa zai sani? Birai?"

Ruwan magudanar ya ragu sosai, sai da ya riƙa tura kwalekwalen da gora, ƙasan jirgin yana gogar laka. Suka isa, suka yi aiki har hantsi ya ɗaga. Gefen yamma na gonar ya riga ya tafi, itatuwa kwance bisa juna. Sapnah ta hango tulin ƙoƙunan kwakwa da suke tarar ƙaro da su, a gindin wata bishiya, taku ashirin daga inda suke. Wurin kore ne shar, ko hayaƙi babu.

"Bari in kwaso su."

"Bar su, ƙoƙo ne kawai."

"Ƙoƙo ne kawai, ni na fafe su ai."

Ta yi taku goma. A na sha ɗaya ƙasa ta buɗe. Ba ƙara, ba komai, sai farar toka da ta tashi sama, Sapnah ta nutse har ƙugu. Ihun da ta yi, Jumberi bai taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba. Ya jefa gorar a ƙasa ya kwanta a kanta da ciki, ya ja jiki, ya kama ta ta hammata. Zafin da ke fitowa daga ramin ya ƙone masa gashin gira. Ya ja, ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwar hannunsa ta rufta, hannunsa na dama ya shiga garwashi, bai saki ba. Da ya fito da ita, takalmanta na roba sun narke sun manne da fata.

Ya ɗauke ta zuwa magudana, ya riƙa ɗibar ɗan ruwan da ya rage yana zuba mata a ƙafafu. Ya kwantar da ita a kwalekwale, ya tura. Jirgin ya yi gaba kaɗan ya tsaya. Da safe, da suke su biyu a tsaye, ɗaya na turawa ɗaya na sauka yana taimakawa, ya wuce da ƙyar. Yanzu da nauyinta kwance a ciki, ya kafe a laka. Jumberi ya sauka, ya ɗaura igiyar jirgin a ƙirji, ya fara ja. Laka har cinya. Ya ja, ya faɗi, ya tashi. Yana kiran sunan mutane ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi yana mayar masa da muryarsa. Tafiyar sa'a guda, sai da la'asar ta yi sannan masu wanki a bakin kogi suka ga wani abu yana rarrafowa da igiya a ƙirji.

Darkuni ne ya kai su asibitin gunduma a jirginsa mai inji, a hankali, don ba a ganin gaba. Raudah ta iso washegari. Likita ya ja Jumberi gefe ya ce ƙunar ta yi zurfi, ta kuma daɗe cikin ƙazamin ruwa kafin a kawo ta, ga huhunta cike da hayaƙi. Za su yi iya ƙoƙarinsu.

Kwana biyar ta yi. A rana ta uku zazzaɓin ya ɗan sauka, ta buɗe ido ta gan shi zaune a ƙasa kusa da gado, hannunsa naɗe da bandeji.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Raudah, babanki ya ci?"

"Bai ci ba, Mama."

"Ka gani." Ta yi numfashi da ƙyar. "Baban Raudah, kada ka zauna kana cin ranka. Ni na ce zan je. Kai ka ce in bar ƙoƙunan."

"Ba ƙoƙuna ba ne," ya ce. "Magudanar ce."

"Na sani," ta ce. "Ai na sani." Ta ɗora yatsunta a kan bandejinsa. "Akwai tabarmar da Hajiya Masniah ta sa in saƙa mata, ban ƙarasa ba, a bayan ƙofa. A gaya mata ta yi haƙuri, ta kai wa wata ta ƙarasa bakin. Kada ka ce za ka gwada, za ka ɓata."

Raudah ta yi dariya tana kuka. Bayan wannan Sapnah ba ta ƙara magana mai tsawo ba. Ranar Lahadi da hantsi ta cika.

A Teluk Haur ba a binne mutum sai cikin akwatin katako, saboda kabari kan cika da ruwa tun ba a kai kamu biyu ba. Kullum sai mutum biyu sun tsaya da bokiti suna kwarfewa, a saukar da akwatin, a danne shi da sanda kada ya taso kafin a tura ƙasa. Haka aka binne iyayen Jumberi, haka aka binne yayansa. Ranar nan ma masu bokiti suka zo suka tsaya a bakin ramin. Masu haƙa suka yi kamu biyu, suka yi uku, suka kai ƙirji. Ƙura ce ke tashi. Wani dattijo da ya fi shekara tamanin ya leƙa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin busasshen kabari a garin nan ba. Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma kowa ya ji, kowa kuma ya kau da ido daga Jumberi. Masu bokiti suka ajiye su a hankali a bayansu. Aka saukar da akwatin ya zauna daram, ba a nemi sanda ba.

Darkuni ya tsaya a wancan gefen kabarin. Da aka shafa fatiha mutane suka zo suna yi wa Jumberi ta'aziyya, shi ya juya ya tafi. A zaman makoki ma yakan zo ya gaisa da Raudah, ya zauna a can ƙarshen baranda, ya tashi ba tare da ya dubi mijin yayarsa ba.

Kwana takwas bayan rasuwar, Jumberi ya tafi gidan Darkuni da sassafe. Ya same shi yana gyaran tiyo. Ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki.

"Itacen galam ɗin nan," ya ce, "yana nan?"

Darkuni bai ɗago ba. "Yanzu?"

"Yanzu."

"Yanzu me za ka tare? Ruwan ya riga ya tafi. Ita ma ta tafi." Ya jefar da tiyon. "Sau nawa na zo gidanka? Ta roƙe ka a gabana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta goye ni, Yaya Jumberi. Ka san da haka?"

"Na sani. Ka faɗi duk abin da ke ranka, ba zan musa ko ɗaya ba. In ka gama, ka ba ni itacen."

Darkuni ya zauna a kan injin, ya rufe fuska da hannuwa. Jumberi ya tsaya yana jira. Can Darkuni ya share ido da gefen riga ya ce, "Da wannan hannun naka ba za ka iya riƙe guduma ba. Je ka, zan tara mutane."

Kwana huɗu suka yi suna aikin. Suka kafa galam layi biyu a faɗin magudanar, suka cika tsakani da buhunan ƙasa, a wuri uku. Jumberi yana ɗaukar buhu da hannun hagu, ba ya hutawa sai an ƙwace. Da suka zo barin wurin wucewar kwalekwale a tsakiya, ya ce a toshe duka.

Ruwan sama ya sauko bayan sati uku. Na farko ƙasa ta shanye kamar ba a yi ba, har wani ƙauri ya tashi. Aka yi na biyu, na uku, aka yi na kwana biyu ba ɗaukewa. Ruwa ya taru a bayan madatsun, ya rasa hanyar kogi, sai ya koma yana ratsa ƙasa dama da hagu. Hayaƙin da ke fitowa ta gindin ciyawa ya riƙa raguwa, har wata safiya aka tashi aka ga sama shuɗiya. Wurin da wuta ta ci ya zama tafki baƙi, don ƙasar ta ragu da kusan kamu biyu. Sauran robar da wuta ta bari, ruwa ya kwanta a gindinta. Kafin damina ta raba, ganyen ya yi rawaya ya zube. Jumberi ya je sau ɗaya da ƙafa, ta kan gumagumai, ya duba, ya dawo. Bai yi wa kowa ƙorafi ba.

Hannunsa ya warke amma yatsu uku sun ƙage, tarin kuma ya ƙi barinsa. Raudah ta zo sau biyu tana roƙonsa ya koma wurinta. A zuwa na uku ta zo da mijinta, suka ɗaure kayansa tun bai ce e ba. Kayan ba su da yawa. Ya ba maƙwabci kajinsa, ya rufe gidan, ya kai wa Darkuni makulli.

Darkuni ya raka su bakin kogi, yana ɗauke da buhun busasshen kifi da ya ce na Raudah ne. Suna jiran jirgin fasinja, su biyun suka tsaya gefe guda suna kallon ruwa.

"In ka je birni kada ka dami surukinka da surutu," in ji Darkuni.

"Wane surutu ya rage mini?"

Jirgi ya ɓullo daga kwana.

"Zan riƙa share kabarin," Darkuni ya ce. "Duk Juma'a."

"Allah ya saka."

"In azumi ya zo ka dawo ka yi salla da mu. Ɗaki yana nan a gidana." Ya miƙa wa Raudah buhun kifin. "Ban ce na manta ba, Yaya. Amma ka zo."

Jumberi ya gyaɗa kai. Mijin Raudah ya riƙe masa gwiwar hannu ya shiga jirgi, ya zauna a benci na baya tsakanin wata mata mai kwandon agwagi da buhunan gawayi. Bai dawo da azumin ba. A watan Sha'aban tarin ya kwantar da shi, ya rasu a gidan 'yarsa. Darkuni ne ya je da jirginsa ya ɗauko gawar zuwa Teluk Haur.